Durgu Ta Ƙarshe a Gidanmu

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi, kuma cikin duk abin da na karantar game da garuruwan da aka yi wa ƙawanya suka ƙi buɗe ƙofa, ban samu tsayuwa a kan magana ɗaya da ta kai ta kaza mai kwanci ba. Da gaske nake. Mai gari in aka tsare shi a bayan ganuwa yana da rumbuna, yana da rijiya, yana da mashawartan da za su riƙa ce masa gobe za ta yi kyau. Kaza ba ta da ko ɗaya. Gashin ƙirjinta take figewa da bakinta don fatarta ta taɓa ƙwai, sannan ta zauna a kansa makonni, ba ta ga abin da ke ciki ba, ba kuma wanda ya yi mata alkawarin komai. Ban lura da wannan ba sai da na yi ritaya, Allah ya hore mini kujera a gindin darbejiya da wunin da babu ƙararrawa a cikinsa.

Gidanmu yana bakin gari ta hanyar Zango, daidai inda Daura ke ƙarewa gonaki su karɓa. Ta gaba katangar siminti ce, don mutane. Ta baya dangar kara ce, kuma duk wata halitta mai sha'awar kaza ta san da haka.

Kajin na maiɗakina ne. Irin gajerun nan ne da ake kira durgu, waɗanda ƙafafunsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, in suna tafiya sai ka ce tsohuwa ce ta ɗaura zani har ƙasa. Ta farkonsu a kwando ta shigo gidan nan ranar da aka kawo amarya, kyautar mahaifiyarta, wadda ita ma a wurin tata uwar ta samu irin. Mu mutanen Daura ba a yi mana wasa da salsala, amma ban taɓa jin wanda ya riƙe ta kakanninsa kamar yadda maiɗakina ta riƙe ta kajin nan ba. Baƙa 'yar ja ce, ja 'yar wake-wake, wake-wake 'yar wadda ta makance a ido ɗaya, haka har a dangana da kwandon. Da surukata ta rasu aka raba abin da ta bari, kwanonin suka tsufa, zannuwan suka koɗe. Kajin ne kaɗai ke sabunta kansu. In maiɗakina za ta watsa musu hatsi, da kiran mahaifiyarta take kiransu, wani sauti da ake yi da harshe da dasashi wanda ban ji shi a bakin kowa ba.

Sai wata bazara annobar kaji ta ratsa unguwarmu. Abin da ta rage, bodari ya shigo ta ƙarƙashin danga ya ƙarasa, ya bar mana warinsa shaida. Kaza ɗaya ta tsira, baƙar, ita ma ta kwana biyu a duniya, har gashin wuyanta ya fara ja da baya. Sai na ga maiɗakina ta rage cin abinci.

Da damina ta sauka, tsohuwar ta shiga ƙarƙashin rumbu ta tona gurbi. Zakara dai babu a gidan, sai na maƙwabta da ke tsallako danga. Ƙwai huɗu ta yi, ta tsaya. Ranar da ta ƙi fitowa kiwo, ta kumbura ta yi wa hannun maiɗakina gurnani, sai na ji ana waƙa a madafa, abin da aka daɗe ba a yi ba. Duk abin da ya rage na kwandon nan yana cikin ƙwai huɗu.

Kwana kaɗan da fara kwancin, yayar maiɗakina ta zo daga ƙauyensu ta wajen Mai'aduwa. Ita ta goye ta tana jaririya, ita ta yi mata kitson farko, kuma tun da na auri ƙanwar ban taɓa jin ta ce wa Yaya a'a ba. Ta sauko daga babur da ƙwarya a cinya, cike da gero, an binne ƙwan zabi a ciki don kada su fashe a hanya.

"Malam, an bar allo an koma gadin kaji?" ta ce da ni bayan an gaisa.

"Su ma ɗalibai ne, Yaya. Sun ma fi waɗancan zuwa a kan lokaci."

Ta durƙusa a bakin rumbu, ta zura hannu ƙarƙashin kazar ba tare da neman izini ba. Ta sha sara biyu, ko a jikinta.

"Huɗu? Ke, wannan ai ɓarnar kwanci ce. A ɗora tukunyar biki don a dafa wa mutum ɗaya shayi."

"Yaya, ai ta riga ta fara."

"Ta fara ɗin me? Jiya-jiya. Miƙo mini ƙwaryar."

Ga wanda bai sani ba, zabuwa gwanar ƙwai ce amma ba uwa ba ce. A daji take zuba su, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa har su ƙare. Shi ya sa a ƙasarmu kaza ake ba riƙon ƙwan zabi. Sai dai akwai ƙa'ida: ƙwan zabi ya fi na kaza daɗewa da kamar mako guda, don haka shi ake fara sawa, a ɓoye na kazar sai makon ya wuce, domin su fito tare. In aka haɗa su rana ɗaya, nata za su riga fita, ta ji kukansu ta tashi, ta bar na zabin su huce. Balle kuma a ce nata sun riga sun yi nisa. Yaya ta san wannan, amma a ganinta ƙwai huɗu ba abin da za a tsaya yi wa lissafi ba ne. Maiɗakina ta san wannan fiye da kowa. Ta miƙa ƙwaryar.

"Rabi naki, rabi nawa," in ji Yaya tana karkaɗe hannu. "In sun yi ƙwari zan zo da kaina."

Da ƙarar babur ɗin ta ɓace na ce, "A kwashe su mana. A soya. In ta tambaya a ce ba su yi ba."

"Malam, in yi wa Yaya ƙarya a kan ƙwai?"

"To ki gaya mata gaskiya."

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. Aka bar ƙwai inda Yaya ta sa su.

Daga kujerata ana hango ƙarƙashin rumbu, don haka kwancin nan a gabana aka yi shi. Sau ɗaya take tashi a wuni, in rana ta yi tsaka. Ta fito a kumbure, gashi a tsaye, tana wani guntun ƙorafi a maƙoshi kamar wanda aka tasa daga barci don ya sa hannu a takarda. Ta tsinci 'yan ƙwayoyi, ta sha ruwa, ta yi birgima cikin ƙasa, ta koma da sauri. Kafin ta zauna sai ta sa baki ta juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya, na gefe ta turo tsakiya, na tsakiya ta mai da gefe. Ban san wanda ya koya mata adalci ba. Na zabin ƙanana ne masu tsini da ɗigo-ɗigo, makaho ma ya shafa ya san ba nata ba ne, amma ko sau ɗaya ban ga ta fifita nata huɗun ba.

Maiɗakina kuwa ta kafa tsaro. Ta zagaye gurbin da toka saboda kwarkwasa. Ta cusa ƙayar sarƙaƙiya a gindin danga. Kullum kafin magariba ta toshe bakin rumbun da tsohon kwanon rufi ta danne da dutse, saboda muzurun da muke ganin sawunsa da safe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya zo har bakin kwanon, ya zauna, ya koma.

Da rana tsaka ma ba a tsira ba. Wata azahar, maiɗakina ta shiga maƙwabta barka, na ɗaga kai na ga damo ya ratso danga. Babba ne, ya kai tsawon hannuna, yana tafe yana lasar iska da harshe. Kai tsaye ya nufi rumbu, kamar an yi masa kwatance. Na ɗauka kazar za ta tashi da kururuwa, don haka na ga kaji na yi in an firgita su. Ba ta motsa ba. Ta baje jikinta har ta rufe gurbin baki ɗaya, ta kwantar da wuya a ƙasa, sai wani sauti ya fito daga cikinta, ba kukan kaza ba, wani huci mai kauri irin wanda in ka ji shi cikin ciyawa za ka ja da baya ba tare da ka nemi ganin mai shi ba. Damon ya tsaya. Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba. Suka zuba wa juna ido, ita da ƙwai a ƙarƙashinta, shi da yunwa a cikinsa, ni kuma da jarida a buɗe na manta da numfashi. Can ya kau da kai, kamar wanda ya tuna yana da wani uzuri, ya juya. Sai a lokacin na tuna ni ne mai gidan, na jefe shi da takalmi. Takalmin ya samu randa.

Ranar da nata suka kusa fita, maiɗakina ta kira ni ta ce in durƙusa in saurara. Daga cikin ƙwai, tun ɓawo bai tsage ba, ana jin ɗan siririn kuka, kazar kuma tana amsawa ƙasa-ƙasa. Hira ake yi tsakanin wadda ke waje da waɗanda ba su taɓa ganin waje ba. Na daɗe a durƙushe har gwiwata ta tuna mini shekaruna.

Uku suka fito. Na huɗun baragurbi ne.

Yanzu fa aka zo wurin. In aka bar ta da tsakin, kwana ɗaya ko biyu za ta tashi da su, ƙwan Yaya su mutu. In ana so ta ci gaba da zama, sai an raba ta da su tun ba su fito daga ƙarƙashinta ba, a kai su inda ba za ta ji kukansu ba. Maiɗakina ta tsaya a bakin rumbu da ƙwarya da tsumma, ta daɗe.

"Mako ɗaya ne da 'yan kwanaki," ta ce, ba da ni take ba. "In na zabin sun fito sai in mayar mata."

Ta zura hannu sau uku. Ɗakin da ya fi nisa da rumbu shi ne ɗakin littattafaina, don haka can aka kai su, aka kunna rediyo don ya danne kukan. Tsakin nan labaran duniya suka fara ji kafin su ji muryar uwarsu a fili.

Abin da kazar ta yi bayan nan shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu. Ta miƙe. Ta leƙa ƙarƙashinta. Ta yi kiran da kaza ke yi wa tsaki, ta saurara. Ta sake yi. Ta fitar da ƙafa ɗaya daga gurbin, ta tsaya a haka, rabinta a waje rabinta a ciki, kanta na juyawa. Ba abin da ya hana ta fita. Wa'adin da aka halicce ta da shi ya cika, 'ya'yanta sun fito, ta ji ɗuminsu, an ɗauke. Abin da ya rage a gurbin baƙin ƙwai ne masu sanyin fuska. Ta dube su da ido ɗaya, ta juya ta dube su da ɗayan. Sai ta mai da ƙafar, ta sa baki ta juya su, ta zauna.

Maiɗakina ta shiga madafa ta kama dakan wani abu da na tabbata an riga an daka shi.

Kwanakin da suka biyo baya, uwa biyu ne a gidan, kowace da 'ya'yan da ba nata ba. Kazar ta rame har ƙashin ƙirjinta ya fito kamar bayan wuƙa, tukkunta ya koɗe ya kwanta. Ta daina fitowa ma, sai an kai mata jiƙaƙƙen gero a tafin hannu. Maiɗakina kuma ta zama kaza. Da sassafe ta fita bayan danga ta ɗauko kaskon da ta kife a kan shuri da busasshen kashin shanu a ciki, ta karkaɗo wa tsakin gara. Ta koya musu tsattsaga da ɗan yatsanta, tana ƙwanƙwasa faifai. Suka san diddigenta, duk inda ta sa ƙafa suna biye. Duk da haka, wata safiya bayan ruwan da aka kwana ana yi, aka tarar ɗaya ya sandare a gefen ƙwarya. Tsumma ba fiffike ba ne. Saura biyu.

Da suka isa fitowa tsakar gida, sai ta sayo jar galura ta rina su. Haka matan unguwarmu ke yi, wai shirwa in ta hango abu ja ba ta ɗaukarsa ɗan tsako. Na tambaya ko an sanar da shirwar wannan ƙa'ida.

"Kai dai Malam ka ci gaba da karatunka," in ji ta.

Na kuma tambaya ko durgu ne, don ni ban iya bambancewa ba.

"Ba ka da ido ne? Dubi yadda suke tafiya."

Na duba. Duk ɗan tsako gajere ne.

Daga ƙarshe na zabin suka fito, kusan dukansu, masu zane a ka kamar an ja musu layi da alƙalami, masu sauri kamar sun san sun makara. Tsohuwar ta fito da su tana tangaɗi. Rabonta da tafiya mai nisa ya fi wata guda. Ta tsaya a rana, ta buɗe fiffike ɗaya, ta miƙe ƙafa, sannan ta fara tona ƙasa tana kiransu, kuma suka zo. Zabi ne, kiran kaza ne, amma suka zo.

Maiɗakina ta kawo jajayen biyu ta ajiye a gabanta.

"Ga naki nan. Amana ce na riƙe miki."

Kazar ta karkata kai ta dube su. Sun girmi na zabin, sun fara fitar da gashin fiffike, ga su jawur kamar an tsoma su a miya. Ta tako ta kai wa na kusa sara a ka, ya wuntsila. Aka bari sai magariba, aka cusa su ƙarƙashinta tana gyangyaɗi. Da safe aka same su a takure a lungun rumbu, su biyu, ita tana can da zabinta. Aka gwada wanke galurar, galura ta ce ta zo kenan.

"'Ya'yanki ne, marar kirki," maiɗakina ta ce da ita. "Ni na haife su?"

A ranar Yaya ta bugo waya tana tambayar nawa suka fito. Na ji ana ce mata, "Sun fito lafiya, Yaya, Allah ya sa albarka." 

Haka aka zauna, gida ɗaya zuri'a biyu. Zabin suna bin kaza, tsakin suna bin mutum. In maiɗakina ta shiga ɗaki sai su tsaya a tsakar gida suna kuka har ta fito.

Sai wani hantsi bayan an ɗauke ruwa, shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi. Tsakar gida ta cika da su, suna fitowa daga ƙasa da sababbin fukafukai, kowace halitta mai baki ta fito cin rabonta. Zabin suna tsalle suna cafka, jajayen biyu ma sun manta da maraicinsu sun shiga tsakiyar fili. Maiɗakina tana bakin rijiya. Ni ina inda nake kullum.

Ban ga komai a sama ba. Kazar ce na ga ta karkata kai, ido ɗaya a sama, ta yi wani dogon sauti siriri, sau ɗaya tak. Kafin sautin ya ƙare babu zabo ko ɗaya a tsakar gidan. Ina so a fahimce ni: shararriyar ƙasa ce, ba ciyawa, ba rami, daga turmi sai tsintsiya. Ina kallonsu suka ɓace. Daga baya na gane kwanciya suka yi, kowane ya manne da ƙasa inda yake, zanen bayansa ya zama ƙasa. 'Yan kwanaki ne a duniya, ba wanda ya tara su ya yi musu darasi, kuma harshen ma ba na iyayensu ba ne.

Jajayen biyu suka ci gaba da bin shinge. Ba su san ma an yi magana ba.

Sai na ga shirwar. Na sha ganin shirwa tana shawagi, kowa ya sha gani, amma ban taɓa ganin saukowarta daga kusa ba. Ba ta kaɗa fiffike ba. Wutsiyar nan mai baki biyu kawai ta murɗa kaɗan, kamar mai gyara zaman hula, sai sama ta sako ta. Na ji iskar kafin in ji komai. Ƙafafunta suka sauko, suka rufe, ko ƙasa ba ta taɓa ba, ta wuce ta saman danga da ɗan jan abu a ƙarƙashinta. Duk abin bai kai a ce bismillahi a ƙare ba. Allah ya gafarta mini, a wannan ƙiftawar abin da ya fara zuwa zuciyata ba tausayi ba ne. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.

Guga ya faɗa rijiya. Maiɗakina ta taho da gudu, amma rijiyar tana can ƙarshen gida, kuma shirwa ba ɗaya ba ce a ranar shinge. Ta biyun ta riga ta karkato. Ɗan tsakon da ya rage ya tsaya cak a tsakiyar fili, ya ɗaga kai, ya saki kukan nan mai tsini na ɗan tsakon da ya ɓata.

Tsohuwar tana laɓe a gindin turmi. Wannan kaza ce da ko kan turmin ban taɓa ganin ta hau ba, sai an ɗora ta. Ta fito a guje, ƙirji na sharar ƙasa, ta wuce ta kan ɗan tsakon, ta tashi. Ta tashi sama, ita da gajerun ƙafafunta da ƙashin ƙirjinta da wuyanta mai sanƙo, ta haɗu da shirwar daidai tsayin kafaɗar mutum. Ƙarar kamar an buga tabarma da sanda. Gashi ya watsu, baƙi da ruwan ƙasa. Shirwar ta yi gefe, ta daki danga da fiffike, ta tattara kanta ta haura tana wani kuka na wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a.

Kazar ta faɗo a kan haƙarƙarinta. Ta kwanta ba motsi har na ce shi ke nan. Sai ta yunƙura ta miƙe, fiffike ɗaya na jan ƙasa, jini a gefen ido, ta tako ta tsaya a kan ɗan tsakon, baki a buɗe tana haki, tana kallon sama. Ta daɗe a haka. Da ta gamsu, sai ta yi ɗan gajeren kira, zabin suka tsiro daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya suka shige ƙarƙashinta. Jan ma ya sunkuya ya shiga. Muka jira ta kai masa sara. Ba ta kai ba.

Maiɗakina ta zauna a ƙasa inda take, cikin taɓo, da zaninta na fita.

"Ta gane ta," ta ce. "Malam, ka gani? Ta gane 'yarta."

Ban sani ba ko ganewa ce, ko kuwa akwai wani kuka da in kaza ta ji shi ba ta tambayar na wane ne. Na yi ta juya abin a raina tun daga ranar, kuma ban san wanne ya fi girma ba cikin biyun. Na ce mata na gani.

Daga ranar 'yar jar ba ta sake bin diddigen kowa ba. Ta koyi kwanciya in an yi dogon sautin, ko da yake ja a kan ƙasa bai ɓoyuwa, har dai galurar ta zube da gashin ƙuruciya. Zabin suka yi ƙwari, suka fara kwana a kan darbejiya suna yi mini kashi a kujera. Yaya ta zo da kanta kamar yadda ta ce, ta zaɓi rabinta, manya-manyan, ta ɗaure a kwando.

"Kin gani? Da na biye miki da ƙwai huɗu za ki zauna. Wannan tsohuwar kuma me kike jira da ita? Ki yanka tun tana da romo."

"To, Yaya," in ji maiɗakina.

Ba ta yanka ba. Wannan ce a'a ta farko da na san ta yi wa Yaya, ita ma ba da baki ba. Fiffiken bai koma daidai ba, tsohuwar ba ta sake yin ƙwai ba, kuma ana cikin yankan gero aka wayi gari ta mutu a ƙarƙashin rumbu, a gurbin da ta tona. Maiɗakina ta haƙa rami a gindin danga, mai zurfi, don kada wani abu ya tone.

Duk kulawar gidan ta koma kan 'yar. Mace ce, Allah ya taimaka, baƙa kamar uwar. Ita ke cin farkon gero, ita ake fara rufewa da yamma, kuma an riga an ƙara ta a salsala: 'yar baƙa, baƙa 'yar ja, ja 'yar wake-wake, har kwando. Da ta fara tasawa na ga maiɗakina tana yawan tsayawa tana kallonta daga gefe, tana cewa sagara haka take, sai ta yi jiki take zama ƙasa, a bari ta cika tukuna.

Ta cika. Bana ta yi kwancinta na farko. Ƙafafunta dogaye ne, har ta fi kajin maƙwabta tsawo.